Yadda ake gasa haƙarƙarin rago a gida ba ƙuli, ba magi, ba sukari

A jikin rago kaf babu inda ake zalunta kamar haƙarƙari. Ranar layya cinya da kafaɗa ake lallaɓawa, a yanka su daidai wa daida, a soya a adana. Shi kuwa haƙarƙari sai a sa masa gatari a daddatse, a watsa cikin kaskon suya tare da sauran nama. Ya fito ƙashi ya farfashe, tsokar ta ƙanƙance ta bushe, mai ci yana ta tsince tsinin ƙashi daga bakinsa. Alhali a nan daɗin ragon ya taru. Tsoka da kitse sun jeru hawa-hawa, ga jijiya ga guringuntsi, waɗanda in aka ba su lokaci sai su narke su zama danƙo mai gardi. Wuta yake so ƙasa-ƙasa na awanni, sannan a ƙarshe a nuna masa mai ƙarfi ta 'yan mintoci.

Na fara gasa shi ta hanyar da zan bayyana ne lokacin da ƙanwata ta zo mana hutu bayan ta shiga tsarin cin abincin nan da ake kira faliyo. Na so in yi mata abin da za mu ci tare a faranti ɗaya, ba a ware mata nata gefe ba. Tun daga lokacin, ko ba ta nan haka nake yi.

Tsarin daga Amurka ya taso. A 1985 masana biyu, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka wallafa maƙala a wata mujallar likitanci, suna cewa jikin ɗan'adam ya fi sabawa da cimar mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace, irin ta kafin a fara noma shekara wajen 10,000 da suka wuce. A 2002 Loren Cordain, malami a Jami'ar Jihar Kolorado, ya fitar da littafin da ya shigar da maganar gidajen mutane. Mai bin tsarin yana cin nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace da saiwoyi. Yana barin hatsi kowane iri, da wake da danginsa, da nono da madara, da sukari, da duk abin da aka sarrafa a masana'anta. A can da haƙarƙarin alade suka fi yin wannan gashi. Mu ba cimarmu ba ce, kuma ba mu rasa komai ba, don dabarar wutar ɗaya ce ko wace dabba aka yanka.

Ni dai ban ɗauki gero da dawa a matsayin abokan gaba ba. A 2009 an wallafa binciken da ya gano burbushin dawar daji a jikin kayan aikin dutse a kogon Ngalue na ƙasar Mozambik, masu shekara fiye da 100,000, ke nan mutanen dā ɗin ma sun taɓa hatsi. Amma tsarin ya koya mini abu ɗaya mai amfani: in aka cire magi da sukari da man da ya yi yawa, dole mai girki ta koma ga kayan ƙamshinmu na asali da kuma iya sarrafa wuta.

Inda mai bin tsarin yake tuntuɓe a ƙasar Hausa shi ne gyaɗa. Gyaɗa 'yar gidan su wake ce, don haka ita da manta da ƙuli-ƙuli duk sun fita. To yajin tsire kuwa ƙuli ne ƙashin bayansa, man gyaɗa ake yayyafa wa balangu, magi kuma yana cikin kusan kowane yajin da ake sayarwa a ƙulle. Aikinmu a nan shi ne mu nemi abin da zai tsaya a gurbin waɗannan ukun. Aya da riɗi za su tsaya wa ƙuli. Aya saiwa ce da take yin 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, ba ta da dangantaka da wake ko kaɗan. Kitsen ragon kansa zai tsaya wa mai. Kauɗar tumatir da albasa da romon naman za su tsaya wa magi.

Wajen mahauci

Ki je da wuri, kafin a daddatsa. Ki ce a ciro miki ɓarin haƙarƙari guda yadda yake, da ƙirjin a jiki in so samu ne. Rago yana da ƙashin haƙarƙari 13 a kowane ɓari. Ki roƙi mahaucin ya raba shi biyu ta tsawo, ya gitta ƙasusuwan da sara ɗaya mai kyau, yadda kowane yanki ƙashinsa ba zai wuce tsawon yatsa da rabi ba. Kada ki bari ya yi masa saran miya. In tukunyarki ƙarama ce, a gida za ki yanka shi da wuƙa ta tsakanin ƙasusuwa, huɗu-huɗu ko biyar-biyar, wannan ba ya buƙatar gatari.

Kilo 2 zai ishi mutum huɗu zuwa biyar, don rabinsa ƙashi ne da kitsen da zai tsiyaye. Duk ma'aunin da zan bayar na kilo 2 ne.

Ki duba launi. Tsoka ta zama ja mai haske, kitse fari mai tauri. In kitsen ya yi ɗorawa sosai, tsokar ta yi duhu, dabbar ta manyanta, za ta ci wuta fiye da yadda zan faɗa. Balami da Uda manyan raguna ne, haƙarƙarinsu ya fi faɗi da kauri. Na 'Yankasa ya fi ƙanƙanta, ya fi saurin nuna. Masu faliyo suna fifita dabbar da ta tashi a kan ciyawa, a Turai da Amurka ma kuɗinta daban ne. Mu nan ragon kiwo shi ne gama-gari. Ragon turke da aka ɗura wa dusa wata da watanni ya fi kitse nesa, sai ki ƙara himma wajen rage shi. Haƙarƙarin akuya ma yana yi, musamman na jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, sai dai ba shi da kitse sosai, yana son a kula kada ya bushe.

In na layya ne, kada ki gasa shi ranar yanka. Awanni kaɗan bayan yanka nama yana sanƙarewa, sai ya kwana kafin ya fara saki. Al'adar nan ta rataye rago ya kwana kafin a yi aikinsa tana da hikima. Ki dai tabbata wurin yana da sanyi da iska, ba ƙuda, in kuwa lokacin zafi ne ki ciro rabonki ki sa a firij.

Gyaran nama

Ki wanke shi ki cire ɓarɓashin ƙashi, sannan ki goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Jiƙaƙƙen nama ba ya kama yaji.

Ki kifa shi, ɓangaren ƙashi yana kallonki. Za ki ga wani siririn tantani mai sheƙi ya lulluɓe ƙasusuwan. Shi ne yake hana gishiri shiga ta wannan ɓangaren, in ya ji wuta kuma sai ya zama kamar leda a baki. Ki zura bakin cokali a ƙarƙashinsa a kan ƙashi ɗaya na gefe, ki ɗaga, ki kama da tsumma don yana da santsi, ki ja a hankali. Na rago siriri ne, yakan yage. In ya ƙi fita gaba ɗaya, ki tsattsaga shi da bakin wuƙa a gicciye, ya wadatar.

Ki juyo ɓangaren tsoka. Duk inda kitse ya yi tudu ki fere shi, ki bar kaurin da bai kai rabin farce ba. Kada ki kwashe duka, shi ne zai riƙa jiƙa naman yana gasuwa. Amma warin rago da wasu ba sa so a cikin kitse yake zaune, rage shi yana rage warin. Ki tsaga saman kitsen da ya rage da wuƙa, layi-layi, ba tare da kin shiga tsoka ba. Wanda kika fere ki yanka ƙanana, ki zuba a ƙaramar tukunya da ruwa cokali biyu, ki ɗora a wuta kaɗan har ya narke, ki tace. Man girkinki na yau ke nan.

Yaji kashi biyu ne

Nan ne na fi ganin ana kuskure. In kika shafa aya da dabino tun farko, awa uku a wuta za su ƙone su yi ɗaci, don dukansu suna da zaƙi, zaƙi kuwa ba ya jure doguwar wuta. Shi ya sa ake raba kayan: akwai na jiƙo da zai shiga cikin naman, akwai na ƙarshe da zai zauna a samansa.

Na jiƙo: gishiri babban cokali 1, ɗanyar citta mai girman babban yatsa biyu, tafarnuwa ƙwaya 8, albasa matsakaiciya 1, masoro cokalin shayi 1, kanumfari ƙwaya 6, kimba 2, garin barkono cokalin shayi 2, da ruwan lemon tsami 2. Kimbar ki fasa ta ki zubar da 'ya'yan, ɓawon ake so, 'ya'yan ɗaci gare su. In kina da gyaɗar miya ki gasa ƙwaya 2 ki ɓare ki haɗa. Sunan ne kawai ya yi kama, ita ɗiyar wata bishiyar kurmi ce, ba ruwanta da gyaɗa. Ki fara daka busassun su yi laushi, sannan ki zuba ɗanyun ki kirɓa har su zama kamar ƙullu. Ki murza shi a jikin naman ciki da bai, ki tura cikin tsagar da kika yi.

Masu tsananta bin tsarin ba sa ƙara gishiri ko kaɗan, haka Cordain ya tsara tun farko. Yawancin masu binsa a yau suna sawa. Ni ina sawa, don haƙarƙari ba gishiri lami ne. Daddawa kuma daga kalwa ake yin ta, ɗorawa ko dangin wake ce, saboda haka mai tsanantawa zai bar ta. Girkin nan ba ya nemanta.

Ki sa naman a kwanon roba ko na tangaran mai murfi, ban da na alminiyam, don tsami da gishiri suna cin sa. In akwai firij mai aiki, ya kwana a ciki, ko ya yi aƙalla awa 4. In babu wutar lantarki, kada ya wuce awa 1 a waje lokacin bazara, awa 2 lokacin sanyi. Zafin Kano ko Damagaram a watan Afrilu yana haura digiri 40, ɗanyen nama ba ya jiran kowa a irin wannan yanayi. Gara jiƙon ya yi gajarta da a ci a kwana a asibiti.

Na ƙarshe shi ne yajin aya. Ki samo busasshiyar aya cikin gwangwanin madara 1, ki tsince tsakuwa, ki wanke ki shanya ta bushe ƙarau. Kada ki sayi wadda aka riga aka soya da sukari. Ki soya ta a busasshen kasko, wuta matsakaiciya, kina juyawa har ta yi ƙamshi ta ɗan ƙara duhu. In ta huce ki daka ki tankaɗe, ki sake daka tsakin. Aya tana da tauri da dusa, sai an yi haƙuri da ita, in da injin niƙa na busassun kaya a gida ya fi sauƙi. Riɗi rabin gwangwani ki soya shi daban, shi minti biyu zuwa uku ya ishe shi, da ya fara tsalle ki sauke. Ki daka shi sama-sama, in kika matsa masa zai fitar da mai ya cure. Ki haɗa su da garin citta babban cokali 1, garin barkono babban cokali 1 ko yadda bakinku yake ɗauka, masoro kaɗan, gishiri cokalin shayi 1. Ba zai zama yajin ƙuli sak ba. Ya fi shi ɗan zaƙi da sauƙi a harshe, kuma da kitsen rago suna jituwa sosai. Abin da ya rage ki zuba a kwalba, yana yin makonni in ruwa bai taɓa shi ba.

Miyar shafawa

Turawan Amurka suna shafa wa haƙarƙari wata miya mai kauri, mai zaƙi da tsami, wadda ta kwalba yawanci cike take da sukari. Tamu da tsamiya da dabino za mu yi. Tsamiya ma a asali dangin wake ce, amma naman jikinta ake amfani da shi, ba ƙwallon ba, masu faliyo ba sa ƙin ta.

Ki jiƙa tsamiya cikin tafin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi 1, minti 20, ki dama ki tace. A wani kwanon ki jiƙa dabino 8 da kika cire wa ƙwallo, tare da kauɗar tumatir cikin tafin hannu, bayan kin wanke ta sosai don tana zuwa da ƙasa. In sun yi laushi ki markaɗa su da tattasai 2, attaruhu 1, da rabin albasa. Ki zuba narkakken kitse cokali 2 a tukunya, ki juye markaɗen, ki soya a wuta kaɗan minti 10, sannan ki zuba ruwan tsamiyar da ɗan gishiri. Ki bar shi yana ɓararraka a hankali har ya yi kaurin da zai kama bayan cokali. Ki ɗanɗana. Tsami ya kamata ya ɗan rinjayi zaƙi, shi zai yanke maiƙon. In tsamin ya yi yawa ki ƙara zuma cokalin shayi 1 bayan kin sauke.

Doguwar wuta

Abin da ke faruwa a wannan mataki shi ne jijiyoyin da suka ɗaure tsoka suna narkewa. Ba sa yin haka sai zafin cikin naman ya haura digiri 70 ya daɗe a can, kuma haƙarƙari bai kai yadda ake so ba sai cikinsa ya kai digiri 90 zuwa 95. Wuta mai ƙarfi za ta ƙona waje tun ciki bai je ko'ina ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

In kina da obin, ki kunna shi ya kai digiri 150. Ki yanka albasa 3 da kauri ki shimfiɗa a faranti mai zurfi, ki ɗora naman a kai, ƙashi a ƙasa, kitse a sama. Ki zuba ruwa rabin kofi ta gefe, ki rufe da foyil ninki biyu, ki danne bakin sosai kada tururi ya fita. Awa 2 da rabi zuwa 3 ga babban rago, awa 2 ga ƙarami. Kada ki buɗe kafin awa 2. Obin ɗin gas da ba shi da lambobi, ki sa shi a mafi ƙarancin wuta, farantin a tsakiya. Haƙarƙarin shanu yana iya cin awa 4 ko fiye.

Yawancinmu tukunya muke da ita, kuma sakamakonta bai gaza na obin ba in an kiyaye abu ɗaya: ba tafasa za ki yi ba. Tafasa a ruwa mai yawa tana kwashe daɗin naman ta bar shi cikin romo. Ki nemi tukunya mai kaurin gindi, irin ta dalma da ake tuƙa tuwo. Ki shimfiɗa albasar nan mai kauri ta rufe gindin gaba ɗaya, ita ce katifar da za ta hana kamu. Ki jera yankunan naman a kai, ki zuba ruwa rabin kofi kawai. Ki rufe bakin da foyil ko ganyen ayaba kafin ki ɗora murfi, ki danne da wani abu mai nauyi. Da kin ji ya ɗauki zafi ki mai da wutar can ƙasa, yadda sai kin kasa kunne za ki ji motsinsa. In a murhu ne ki janye itacen, ki bar garwashi kaɗai, kina turawa kaɗan-kaɗan. Duk bayan minti 40 ki buɗe, ki mai da na ƙasa sama, in gindin ya kusa bushewa ki ƙara ruwan zafi cokali huɗu. Albasa da naman za su fitar da nasu ruwan, sau da yawa ba a ma buƙatar ƙari sai in akuya ce. Awa 1 da rabi zuwa 2 yake ɗauka. Mai tukunyar firesha minti 25 zuwa 30 ya ishe ta, amma ta bar tururin ya sauka da kansa.

Maigidan da yake son ya yi shi a gawayi tun daga farko har ƙarshe, ga yadda zai yi. Ya tara garwashin a gefe ɗaya na abin gashin, naman a ɗaya gefen inda babu wuta a ƙarƙashinsa, ya kifa babban kwanon ƙarfe ko rabin ganga a kai, ya bar 'yar kafa ta iska. Duk wanda ya ga yadda ake kafa raguna a jikin sanduna a kewaye wuta ranar layya a Yamai ko Sakkwato ya san wannan dabara: hucin wuta ke gasa nama, harshenta ba ya taɓa shi. Ya riƙa ƙara gawayi cikin hannu ɗaya duk minti 45, yana shafa narkakken kitse in ya ga saman yana bushewa. Awa 3 zuwa 4 ne. Ya fi kowanne ƙamshin hayaƙi, ya kuma fi kowanne neman a zauna a kansa.

Ga yadda za ki gane ya yi. Tsoka za ta ja baya daga bakin ƙasusuwa kamar faɗin yatsa. In kika kama ƙashi ɗaya kika murɗa, zai juya amma ba zai zare ba. Bakin wuƙa zai shige tsakanin ƙasusuwa kamar cikin dafaffiyar kabewa. Nan za ki tsaya. In kika bari har ƙashi yana zarewa da kansa, ba zai ɗagu zuwa kan waya ba, zai wargaje a hannunki. In kuwa kin taɓa kin ji tauri, bai ƙone ba, bai kai ba ne, ki rufe ki ƙara masa minti 20.

Ki ciro shi a hankali ki ajiye ya sha iska minti 10. Ruwan da ya rage a gindi ki tace a kofi. Kitse zai taso sama, ki kwashe shi da cokali. Romon da ke ƙasa, mai duhu, ki juye rabinsa cikin miyar shafawa ki sake ɗora ta ta yi kauri. Wannan romon shi ya sa ba wanda zai tambayi magi.

Gajeriyar wuta

Ki hura gawayi a tsakar gida ko wani fili. Kada a taɓa shiga da shi ɗaki ko rufaffen kicin, ko da sanyi ake, domin yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Kada a hura shi da leda ko kalanzir, warin yana kama nama. Ki jira baƙin ya tafi, farin toka ya rufe garwashin. Wayar gashi ta yi nisan taƙi ɗaya daga wuta. In kika iya riƙe tafin hannunki a saman wayar daƙiƙa huɗu zuwa biyar kafin ki janye, zafin ya yi daidai.

Ki fara ɗora ɓangaren kitse a ƙasa, ba tare da kin shafa komai ba, minti 3 zuwa 4, har ya yi ja ya fara ƙauri mai daɗi. Kitse zai ɗiga, wuta za ta tashi. Kada ki watsa ruwa, toka za ta bule naman. Ki janye shi gefe har ta lafa. Ki juya, ki shafa miyar siriri a saman da ya gasu, ki bar ta minti 3 ta kama. Ki sake juyawa ki shafa wa ɗaya ɓangaren. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, wanda zai zube cikin wuta ne kawai. Daga nan ba a matsawa ko nan da can, dabino yana ƙonewa kafin ki je ki dawo. Launin da ake nema ja ne mai duhu, mai sheƙi. Inda ya yi baƙi ki kankare.

A minti biyun ƙarshe ki barbaɗa yajin aya ta kowane ɓangare, zai manne a jikin miyar, ya ɗan ji wuta ƙamshin riɗin ya tashi. Mai obin ta cire foyil, ta tsiyaye ruwan, ta ƙara wuta zuwa digiri 220, ta yi wannan shafe-shafen cikin minti 12 zuwa 15.

Ki sauke, ki rufe sama-sama minti 5, sannan ki yanka ta tsakanin ƙasusuwa. Ki ɗauraye farantin da ruwan zafi kafin ki zuba, kuma ki tara masu ci tun naman yana kan wuta. Kitsen rago ba ya narkewa sai a zafin da ya fi na jikin mutum, shi ya sa in ya huce yake daskarewa a ganɗa. Da zafinsa ake cin sa.

Abin da za a ci da shi

Gurasa da masa da burodi duk na hatsi ne, sai a yi musu haƙuri. Dankalin Hausa shi ya fi dacewa: ki binne shi da ɓawonsa a cikin tokar gefen garwashi tun kina gyaran wutar, minti 40 ya nuna. Gasasshiyar doya ko kabewa ko agade ma suna yi. Dankalin Turawa masu tsarin sun rabu a kansa, wasu suna ci wasu ba sa ci. Ki yanka kabeji da tumatir da kokwamba da albasa ki matsa lemon tsami, kada ki sa mai, naman ya riga ya kawo nasa. Kwaɗon zogale kuwa ki yi shi da yajin ayar nan da ƙarin dakakken riɗi a maimakon ƙuli. Abin sha, kunun aya da dabino da kwakwa ba sukari tun asali ya dace da tsarin, haka zoɓon da aka zaƙaƙa da dabino ko abarba.

Wata magana da ba na son a tsallake: cire sukarin kanti bai mai da dabino da zuma ruwa ba, mai ciwon sukari jininsa zai ji su. Haƙarƙari kuma nama ne mai kitse ko an rage. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda, ya tuntuɓi likitansa kafin ya mai da nama babban abincinsa. A gidanmu na ranar Juma'a ne ko ranar baƙi.

In ya yi saura, ki sa a firij da zarar ya huce, yana kwana 3. Wajen ɗumamawa ki sa a tukunya da ruwa cokali biyu ki rufe, wuta kaɗan, har ya yi zafi ciki da waje. In babu firij a cinye shi a ranar. Kitsen da kika tace ki ajiye a kwalba, ki soya ƙwai ko dankali da shi gobe da safe. Rabin romon da kika rage kuwa, ki ƙara masa ruwa da guntun ƙirjin da bai shiga gashi ba, ki jefa kimba ɗaya da citta, ya dahu awa guda, ki kaɗa ɗanyar kuɓewa a ciki.